Hajiya Halimatu Sa'adiya, Mai Jinyar Masu Jinya

Kafin masu shayin hanyar Kiyawa su gama hura wuta, Hajiya Halimatu Sa'adiya ta riga ta sauka daga a-daidaita-sahu a ƙofar asibiti. Asibiti ne mai zaman kansa a gefen Dutse, ita ce kuma shugabar ma'aikatan jinyarsa. Ba ofis take fara shiga ba. Fuskokin ma'aikatanta take fara bi da kallo: wa ya karya kumallo, wa ya baro yaro da zazzaɓi a gida, idon wa ya faɗa. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, bai kuwa kamata irinta ta tafi shiru ba.

Abokan aikinta ba sa manta daminar da amai da gudawa ya ɓarke a ƙauyukan kewaye. Gadaje suka cika, har aka shimfiɗa tabarmi a baranda. Akwai wata nas mai himma, Hamida Fa'izu, da ta jera kwanaki a tsaye ba barcin kirki. Wani hantsi ta zuƙi allura za ta yi wa wata ƙaramar yarinya, har ta kama hannunta, sai ta lura maganin dattijon gadon kusa ne. Ta janye. Da ta yi shiru, da maganar ta mutu a nan, amma ta nufi wajen Hajiya, ta faɗa mata komai.

Wani mai jinyar ɗan'uwansa ya tsinci zancen, kafin azahar ya kai kunnen uban yarinyar, Malam Arzika. Ya zo da danginsa suka cika ƙofa, suna cewa a fito musu da wadda ta so kashe musu 'ya. Hajiya ta tura Hamida ɗakin magani, ta fito ita kaɗai. Ta tsaya a gabansu. Ba ta ɓoye musu komai ba, ta kuma shiga da Malam Arzika har gadon 'yarsa, ya same ta zaune tana shan ruwan gishiri da sukari. Ya fito ya sallami mutanensa, fuskarsa dai ba walwala.

Mai asibitin, Dakta Barau, ya ga ba abin da zai wanke sunan wurin sai korar Hamida a ranar. Hajiya ta bar shi ya gama, sannan ta ce, “Likita, in ka kori wadda ta faɗi gaskiya, gobe mai kuskure bakinsa zai kama, sai gawa ta ba mu labari. Ni na bar yarinyar nan a tsaye ba hutu. In kora ce, a fara da ni.”

Bai kori kowa ba. Ya dakatar da Hamida, ya daina gaisawa da Hajiya, har aka fara raɗe-raɗin ana neman wadda za ta maye gurbin Hajiyar. Ita kuwa kullum sai ta ƙwanƙwasa ƙofarsa da magana ɗaya: a ƙara ma'aikata, a riƙa hutu bi da bi ko da annoba ake, a ba su ɗakin kishingiɗa da abinci mai zafi. Ranar da wani ma'aikacin ya yanke jiki ya faɗi da robar ƙarin ruwa a hannunsa, Dakta Barau da kansa ya same ta ya ce, “Hajiya, ki tsara yadda kika ga ya dace.”

Aka dawo da Hamida, asibiti ya tura ta ƙaro ilmi kan ba da magani. Yau ita ke horar da sababbin shiga, kuma da labarin allurar nan take fara darasi.

Ke ce, Hajiya, kika lura matan ruga ba sa faɗa wa kowa ciwonsu sai Safa mai shara, saboda tana jin Fillanci. Kika nace har aka tura ta makarantar ungozoma, masu gunaguni suka yi suka gaji. Ke ce kika ce a gwada Kamilu mai lalurar ƙafa a ɗakin gwajin jini, ranar da ake kallon sandunansa maimakon takardunsa. Inuwar masu wahala, ba ki taɓa tambayar garin mutum ko addininsa kafin ki tambayi lafiyarsa ba.

Mun gode, Hajiya. Allah Ya saka miki da alheri, Ya sa hutun nan ya zama na lafiya, Ya ba ki masu kula da ke yadda kika kula da 'ya'yan mutane. Ku kuma masu asibitoci da shugabannin ma'aikata, ga hanya an share muku. Ku duba na ƙasa da ku tun suna tsaye da ƙafafunsu, domin hannun da ke riƙe da allura, shi ma na mutum ne.