Ɓawon Gyaɗar Anti Rabi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tashar Gaya da safen nan aka kira ni, wai Anti Rabi ta rasu. Wallahi sai da na nemi benci na zauna.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ta koya mana rubuta kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi, ni da 'yan ajinmu. Ita ce kuma ta gina manhajar da ke aika wa manoman ƙungiyar Toranke saƙon ranar da tarakta za ta zo gonar kowa. Kafin manhajar nan, rigimar layi har zumunci ta sha ɓatawa.

Anti ba ta yarda da "ai yana aiki" ba. In ka gama rubutu, sai ta miƙa wa na kusa da kai ya karanta, ta ajiye masa faranti da gyaɗa. Duk inda ya tsaya ya koma baya don bai gane ba, ya ɓare ɗaya ya jefa ɓawon a faranti. Tsibin ɓawon shi ne makinka.

Ni da nake ji da kaina, ranar farko farantina har zuba ya yi.

Ta yi dariya ta ce, "Nura, kwamfuta ta gane, sannunka. To ɗan Adam fa?"

Akwai manhajojin da ke auna wahalar kod, ta koya mana su. Amma ta ce su rassa da lanƙwasa suke ƙirgawa, ba sa ganin goshin mai karatu ya tattare.

Gyaɗar ma daga gonar mahaifinta take. Wanda bai karya kumallo ba, sai ta ƙara masa gyaɗar da gangan.

Da ciwo ya kwantar da ita na je dubiya. Ta rame sosai, amma laftof na kan cinyarta. Na ce, "Haba Anti, ki huta mana." Ta juyo min da shi, ashe nata kod ɗin na tarakta take ta warwarewa tana sauƙaƙawa.

"Karanta min," in ji ta. "Kar ka ji kunyata. Inda ka tsaya ka faɗa."

Na tsaya a wurare, ta gyara a gabana. A lokacin ban gane me take shiryawa ba.

Ɗazu a wajen jana'iza shugaban manoman ya ja ni gefe. Damina ta ƙarato, ya ce, yanzu wa zai riƙe musu abin nan? Na ga tsoro a idonsa.

Na ce, "Baba, mu. Kowa a ajinmu zai iya karanta shi."

Kuma wallahi ba lallashinsa nake ba.

Allah Ya jiƙan Anti Rabi, Ya sauƙaƙa mata hisabi yadda ta sauƙaƙa wa na bayanta. Don Allah, duk wanda ya karanta wannan ya sa ta a addu'a, mu ma ya roƙa mana ikon riƙe amanar.