Shekarar da kurkunu ya kwantar da mu biyu

Shekarun baya can, wajen ƙarshen shekarun tamanin, na komo gida Salaga bayan na yi shekara biyu a Yendi, a shagon maganin kawuna. Aikina a shagon bai wuce shara, da naɗe ƙwayoyi a takarda, da karanta wa kawuna ƙananan rubutun jikin kwalba ba, don idonsa ya fara rauni. Amma ranar da na sauka a tasha da jakata, a raina rabin likita ne ya dawo gari. Har farar riga mai aljihu na ɗinka, ina soka biro biyu a ciki.

Kakanninmu fataken goro ne, amma a zamanin mahaifina doya ce ke riƙe da gidan. Yakan saya a ƙauyuka, a tara a Salaga, a loda a lori zuwa Bawku. Da ya ga na dawo ba ni da aikin yi sai ba mutane shawarar da ba su tambaya ba, sai ya miƙa mini kekensa, ya ce in riƙa zagaya manoman da yake hulɗa da su, ina duba masa abin da ya rage a rumbunansu.

A cikin manoman akwai wani dattijo da suka fi shekara ashirin suna ciniki da mahaifina. Ƙauyensu tafiyar rabin yini ce a keke. Ina ce masa Baba, matarsa kuma Mma. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, wanda ake cewa kafin rana ta take yakan tayar da kunyar doyar da ƙato biyu ba su tayarwa. 'Ya'yansa maza biyu sun tafi kudu aikin gonar koko, ba wanda ya rage a gidan sai shi da matarsa da ƙaramar 'yarsu, mai kamar shekara huɗu.

Na same shi da rani, zaune a gindin bango, ƙafa ɗaya a miƙe. A saman ƙafar akwai gyambo, wani farin zare ya leƙo daga ciki, an naɗe kansa a jikin tsinken ashana. Kurkunu ne. Kullum za a ɗan murɗa tsinken, a jawo abin kaɗan, don in ya tsinke a ciki ƙafar ta kumbura ke nan. Mu a cikin gari muna da rijiyoyi a gidaje, saboda haka ban taɓa ganinsa kusa haka ba. Amma na ji labarinsa a rediyo, kuma wannan ya ishe ni.

Na gyara zama, na yi musu wa'azi. Na ce ciwon nan ba iska ba ce, ba kuma jinin gado ba ne, a ruwa yake. Na ce su tafasa duk ruwan da za su sha. In ba hali, su tace da ƙyalle. Mai ciwon kuma kada ya kuskura ya sa ƙafa a tafki. Na ƙarasa da cewa rashin sani ne kawai ke wahalar da mutanen ƙauye.

Baba yana ta kora ƙuda daga gyambon. Mma ce ta ajiye rogon da take ferewa. Hausarta ta kasuwa ce, gajeriya, ba kwana.

Ta ce, "Ɗana, magana ɗin ka yana da kyau. Gobe ka bi ni mu ɗebo ruwa. In mun komo, sai ka sake faɗa mini."

Namiji ba ya bin mata zuwa ɗiban ruwa a garin, amma girman kai ya hana ni cewa a'a. Da gari ya waye na ɗauki jarka, na bi bayanta, matan unguwa na ta dariya a yarensu.

Rijiyar ƙauyen ta ƙafe tun watanni biyu da suka wuce. Ruwan da ya rage shi ne wani tafki da ke can bayan gonaki, mun fi awa ɗaya da rabi kafin mu kai. Ya janye ya bar laka a kewaye, sai ka taka ciki har ƙwauri kafin ka sami inda za ka nutsa kwano. Launinsa kamar koko. Shanu na sha ta wancan gefe. Na ga wata mata da tsumma ɗaure a idon sahu tana ɗingishi zuwa cikin ruwan, na ce wa Mma ai wannan ce ke zuba mana ciwon.

Ta ce, "Miji ɗinta yana kwance, uwar miji yana kwance. In bai shiga ba, wa zai ɗebo musu?"

Muka juyo. Ita da babban baho a ka, ni da jarkata ina sauya hannu. A hanya ta riƙa lissafa mini, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin wani. Wannan baho shi ne na sha, na girki, na wanke gyambon Baba. Tukunyar gidan babba guda ɗaya ce, in ruwa na kai, tuwo na jira. Itacen da za a tafasa ruwa da shi, shi ne wanda take ƙonawa gawayi ta kai bakin hanya don a sami na gishiri da kananzir. Ƙyalle kuwa tana tacewa da shi in tana gida, amma gonar Baba tana wancan ɓangaren, kuma mutum ba ya ɗaukar ruwan yini guda tare da garma. In ƙishi ya kama shi, kududdufin da ya gani shi zai sha.

Rana ta take kafin mu yi rabin hanya. Harshena ya manne a ganɗa. Na jure, na jure, har muka zo wata inuwa ta tsaya ta gyara gammo. Na buɗe jarkar, na kafa kai na sha har sai da ruwan ya zubo mini a farar rigata. Ta dube ni, ta dubi rigar, muka ci gaba da tafiya. Da muka isa gida kuma ba ta ce in sake faɗar maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Na koma Salaga, na manta. Shekara ta zagayo. Wata safiya na ji idon sahuna na dama yana zafi kamar an ɗiga mini tafasasshen mai, wajen ya yi ƙurji ya ɗuri ruwa. Kwana biyu ya fashe, farin zare ya leƙo. Mahaifiyata ta sunkuya ta duba, ta ɗago ta ce, "To. Mai biro biyu, a wane littafin ka sha wannan?"

Ciwo ne mai azaba, ba zan rage masa komai ba. Amma ga yadda na yi jinyarsa. An shimfiɗa mini katifa a barandar tsakar gida. Mahaifiyata na wanke wajen safe da yamma da ruwan zafi da gishiri, ta ɗaure da bandeji sabo. Kawuna ya aiko da ƙwayoyi daga Yendi, aka kuma ɗauke ni a babur zuwa asibiti aka yi mini allura don kada gyambon ya ɓaci. Da safe koko da ƙosai, da rana sakwara da miyar gyaɗa, har da naman zabo wai don in yi jini. Mahaifina ya sa wani ya riƙe aikina, lori bai fasa tashi zuwa Bawku ko sau ɗaya ba. Ba wanda ya kwana da yunwa don na kwanta. Cikin sati shida tsutsar ta fita duka. Da na miƙe, wandona ya ƙi shiga, don ƙiba na yi.

Sai da damina ta yi nisa na sake hawa keke zuwa ƙauyen. Na sami Baba a gindin bangon nan, amma ya zama rabin mutumin da na sani. A watan da nawa ya fito, shi uku suka fito masa, ɗaya a gwiwa. Kuma daidai lokacin shukar doya ne. Doya ba ta jiran mai ciwo. Ya kwanta sati biyu, da ya ga maƙwabta sun gama shuka, sai ya ɗaure ƙafar da tsumma, ya dogara sanda ya tafi gona. Inda ya kasa tsayawa ya yi aikin a durƙushe. A can na gwiwar ya tsinke a ciki. Ƙafar ta kumbura har cinya, zazzaɓi ya kwantar da shi wata biyu. Asibiti na Salaga, kuma lori sai ranar kasuwa yake bi ta wajen, ba kuma har ƙauyen yake shiga ba. Da kumburin ya saɓe, gwiwar ta riga ta sandare, ba ta lanƙwasuwa.

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka huta ba har ya fita?"

Ya ce, "Kai da ka huta, wa ya yi maka noma?"

Ni kuwa ba na noma. Doyarsa nake ci.

Abin da ya samu ya shuka bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na gonar ba. Sauran irin da bai shiga ƙasa ba, sun dafa sun cinye kafin sabon hatsi ya zo. Yarinyar na gani a bakin ƙofa, ba ta wasa. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunta sun kumbura, in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Wannan karon ban ce a ba ta ƙwai da madara ba, ko da yake maganar ta zo mini har baki. Na leƙa tukunya, rogo ne da ganye.

Da na ba mahaifiyata labari, ba ta yi dogon zance ba. Ranar kasuwa ta aika aka zo da Mma da yarinyar. Mma ta kwana biyu ta koma wajen mijinta, yarinyar ta zauna da mu wata biyar. Ba wani magani aka ba ta na a zo a gani ba. Abin da muke ci take ci, wake, kifi, miyar gyaɗa, tana shan ruwan rijiyarmu. Kumburin ya sauka, gashin ya yi baƙi, har ta fara zagin ƙannena da Hausa.

Da kaka ta yi, mahaifina ya je ƙauyen da kansa. Ya kai wa Baba buhun masara da turmin zane, suka daɗe suna hira. Sa'an nan ya wuce ƙauyen gaba ya sayi doya a can, don masu jira a Bawku ba hira suke saye ba. Ban ce ya yi mugunta ba. Shekara ashirin na hulɗa ta ƙare a haka, ba faɗa, ba ɓacin rai, don dai babu doyar da za a saya.

A cikin shekarun casa'in aka haƙa wa ƙauyen rijiyar burtsatse, aka kuma raba musu matatar ruwa, har da 'yar ƙarama da mutum zai rataya a wuya ya tafi da ita gona. Cikin 'yan shekaru kurkunu ya zama labari a wajen. Mutanen nan dai su ne, ba wanda ya ƙara ilimi a kan abin da Mma ta riga ta sani tun ranar da na yi musu wa'azi. Ruwan ne ya matso kusa.

Daga baya na koma Bawku da zama, ina karɓar kayan da ake aikowa daga gida. Wata shekara na zo ganin gida, na ci karo da Baba a kasuwar Salaga. Yana zaune a kan buhu, ƙafar a miƙe kamar itace, yana sayar da igiyoyin da yake tukawa. Ya gane ni kafin in gane shi. Bayan mun gaisa, ya ce yarinyar ta yi aure, har ta haihu. Sai ya ce in nuna masa wurin nawa. Na cire takalmi, na ɗage wando. Tabon bai fi girman kwabo ba, sai da na nema kafin in same shi. Ya sa babban yatsa ya shafa, ya yi 'yar dariya.

Ya ce, "Naka ya san gidan da ya shiga."

Na sayi igiya biyu da ba ni da abin ɗaurewa da su, muka yi sallama.

Na daɗe ina juya abin a raina. Tafki ɗaya muka sha, a shekara ɗaya ciwon ya fito mana, kuma shi ya fi ni ƙarfin jiki nesa ba kusa ba. Ba tsabta na fi shi ba, ba hankali ba. Abin da na fi shi kawai, ina da gidan da zai iya ciyar da ni sati shida ina kwance, shi kuwa kwanciyarsa yunwa ce ga mutum uku. Yanzu in na je asibiti na ji ma'aikaciya na yi wa wata uwa faɗa cewa me ya hana ta kawo yaro da wuri, ba na ganin laifin ma'aikaciyar, don na taɓa tsayawa a inda take tsaye. Sai dai idona kan sauka a ƙafafun uwar, in ga irin tafiyar da suka yi kafin su iso.