Yaɓen da Muka Yi wa Gadar Isiyaka

Bana shekara talatin da biyar ke nan da rasuwar Isiyaka, taubashina, ma'aikacin hanya da mutanen Bouza ke kira Mai Guduma. Ni direban kamiyo ne a lokacin, babbar motar kaya, ina jigilar albasa daga ƙauyukan Keita zuwa Madawa, kuma akwai wata tsohuwar gadar siminti da dole sai ta kanta nake bi.

Gadar ta tsattsage ta ƙasa, ruwan tsatsa na zubo mata. Kowane wata Isiyaka zai zo da babur, ya shige ƙarƙashinta. Duk tsaga ya ɗiga mata fenti gefe da gefe, sai ya auna tsakanin ɗigon biyu ya rubuta a kaye, littafin awonsa. Daga nan ya bi ginshiƙai yana ƙwanƙwasawa da guduma, kunne a manne. Nakan tsaya in tsokane shi, in ce ko gadar ta amsa sallama. Ya ce mini ƙarfen ciki in ya yi tsatsa kumbura yake, ya turo siminti waje, kuma awon nan ne kaɗai ke faɗa masa saurin ciwon.

Da ya cika shekara uku yana awo, ya rubuta wa manyansa a hana manyan motoci hawa. Hankalina ya tashi, don zagaye kwana guda ne cikin yashi, albasa kuwa ba ta jira. Muka ji wani babba zai zo dubawa. Mu mutanen Adar, rumbu in ya tsage yaɓe muke masa kafin damina, ya koma sabo. Ni na kawo siminti buhu biyu, na tara mutanen ƙauyen da ke kusa, muka shafe gadar tas. Wallahi har cikin raina na ɗauka gyara muka yi. Duk ɗigon fentin nan muka binne.

Babban ya zo, ya yi wa rogo kallon kitse, ya ce gada lafiyarta lau. Isiyaka ya buɗe kayensa, amma babu tsagar da zai nuna. Da yamma ya same ni tasha, bai ɗaga murya ba.

"Taubashi, hannunka na da kyau wurin yaɓe. Amma ka goge mini shekara ukku."

Na yi dariya, ina tsammanin wasanmu ne. Shi bai yi ba.

Tunda takarda ta ƙi, sai ya koma roƙo. Ranar kasuwa yakan tsaya bakin gadar, ya sa mu sauke rabin kaya, mu ƙetare, mu dawo mu kwashi saura. Ba shi da ikon tilasta kowa, kunyarsa kawai ake ji. Mun zage shi, ni na fi kowa, don taubasantaka ta ba ni baki. Haka muka yi damina biyu, sannan ciwon ƙirji ya ɗauke shi.

Bayansa aka rushe gadar don gina sabuwa. Ina wurin. Ƙarfen da ya kamata ya kai kaurin yatsa ya koma kamar tsinken tsire, na murza shi ya zube a hannuna. Na zauna a ƙasa na yi kuka.

Yau an ce akwai na'urorin da ake liƙa wa gada su riƙa aika awo biro, wato ofis, da kansu. Da Isiyaka ya gani da ya yi murna, sannan ya tambayi wa ke karantawa, kuma in ya karanta wa zai saurare shi.

Babu wanda ya mutu a gadar nan, shi ya sa babu mai tuna Isiyaka. Ni dai na ƙetare ta sau ɗaruruwa ina zaginsa, ga ni yau da jikoki goma sha ɗaya, ban taɓa ce masa ya yafe mini ba. Allah Ya jiƙanka, taubashi.