Injin Baba Mai Ciyawa

A unguwar nan ba a buƙatar agogo muddin Baba Mai Ciyawa yana da lafiya. Da ka ji kukan injinsa na yankan ciyawa daga filin makaranta ko bayan asibiti, ka san rana ta fito. Tun ba shi da furfura yake rataye da injin nan a kafaɗa, tufafinsa kullum da warin fetur da ɗanyar ciyawa. Mutum ne mai son koyarwa ko ba a tambaye shi ba. Duk wanda injinsa ya ƙi tashi, sai Baba ya ɗaga masa yatsu uku: mai, iska, wuta. Ya ce inji ba ya ƙarya, mutum ne ke ɗora masa laifi.

Sai hawan jini ya kayar da shi a bakin famfo. Ya yi watanni a kwance, 'yar autarsa mai ɗinki tana jinyarsa, don matarsa ta daɗe da rasuwa. Allah ya sa ya miƙe, magana ta dawo, tafiya ta dawo. Hannun dama ne kawai bai dawo da saurinsa ba, shi kuwa Baba ya ce wannan ba komai ba ne.

Shugaban makaranta ya aiko cewa ciyawa ta kai gwiwa kuma an kusa komawa karatu. In Baba ba zai iya ba, a faɗa, a ba wani. Wannan maganar ta fi ciwon yi masa zafi.

Ya ciro injin, ya ja igiya, shiru. Bai damu ba, ai fetur ɗin ya kwana. Ya zubar, ya haɗa sabo da baƙin mai daidai awo. Shiru. Ya kwance fulogi ya kankare, ya wanke soson iska, ya hura tiyon mai, ya buɗe kafireto a kan faranti yana bin ƙananan ramukan da zaren waya. Har salansa sai da ya ƙwaƙule. In ya ja, injin ya yi ɗan tari ya koma barci. Baba ya zagi masu sayar da fetur, ya zagi masu yin fulogin zamani, babu wanda ya tsira sai shi kansa.

Ranar wanka dai ba a ɓoye cibiya. Auta ta zo share tsakar gida, injin ya tare mata hanya, ta taka shi da ƙafa ta fizgi igiyar da wasa. Bugu ɗaya ya tashi, har kaji suka watse. Ta dubi mahaifinta, ta ga yana kallon hannunsa.

"Baba, gyaran da ka yi ne ya kama," in ji ta.

"Haka ne, Auta," ya ce. Dukansu sun san ba haka ba ne.

Washegari ita ta tayar masa. Ya ratsa titi da injin yana ta kuka a kafaɗarsa, ana gaishe shi yana ɗaga kai kawai, don yana tsoron ya kashe. Abin tausayi, dattijon da ke tsayawa gaisuwa har a gaji da shi. Ya shiga fili ya kama yanka, kuma wallahi layinsa na nan a miƙe kamar da. Yana tsakiyar fili mai ya ƙare.

Ya cika tanki, ya durƙusa, ya ja. Ya sake ja. Igiyar tana biyo shi a hankali. Maigadin makaranta ya matso ya ce a kawo ya ja masa. Baba ya yi godiya, ya ce fulogi ne. Ya daɗe a zaune cikin ciyawar da ya yanka, yana kallon rabin da ya rage.

Da ya dawo gida, Auta ta tsayar da keken ɗinki ta tambaye shi ko wani abu ya lalace. Ya jingine injin a bango, ya goge masa ƙura da hannun hagu.

"Lafiyarsa lau," ya ce. "Ki aika wa shugaban makaranta, a ba wani."