Kason Gwaggo

Gwaggona, ƙanwar babanmu, tela ce a wani ɗan shago ƙarƙashin benen da muke haya, kuma ita ce uwar adashen matan layinmu. Shagunan unguwarmu ba abin da suke sayarwa sai burodi, taliya da lemon kwalba, kayan lambu kuwa sai ka hau mota biyu. Shi ya sa matan suke haɗa abin da ya sawwaƙa duk mako, a saro kabeji, karas, wake da kifi, a zube a tsakar gida, Gwaggo ta kasa.

Ƙa'idarsu, mai kasawa ita ke ɗauka a ƙarshe. Nan fa raina yake ɓaci. Kowace ta ɗauki nata sai ta tsaya tana juya shi.

"Uwar adashe, kifina kamar ya yi jinya," in ji matar direba.

Sai Gwaggo ta ɗebo daga nata ta yi mata gyara. Wannan tana da goyo, waccan mijinta ba aiki. Kafin a watse, kasonta ya koma rabin kabeji da kan kifi. Gwaggon da likita ya ce ciwon suga ya fara taɓa mata ido, ta bar burodi ta kama ganye! Yanzu zare ma sai na zura mata a allura, kuma idon nan shi ne abincinta.

Na yi magana har na gaji. Da na ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na bi matan gida-gida na faɗa musu abin da likita ya ce. Kunya ta kama su, suka juya ƙa'ida: daga yau Gwaggo ce farkon ɗauka.

Ranar rabo na tsaya a kanta ina jin daɗi. Ta kasa tsibi-tsibi yadda ta saba, sai ɗaya can gefe, ɗan mitsitsi. Aka ce ta zaɓa. Ta lalubo shi ta jefa a jaka.

"Haba Gwaggo! Don Allah me ke damunki?"

"Ke yarinya ce," ta ce. "In na kasa da hannuna na ɗauki babba, gobe wa zai yarda da hannun?"

Da muka koma shago ta miƙo min allura da zare. Na karɓa na zura mata.