Takalmin da Ba Ya Ciruwa

Salamu alaikum, 'yan uwa da abokan arziki.

Kun san ni da cinikin fata a Zango, kun san ni da sanda. Wasu na cewa mota ce ta buge ni, ban taɓa gyara musu ba. Tun ina saurayi nake riƙe da bakina. Jiya na ga hoton wani biki, an jera guragu a rana ana miƙa musu buhun shinkafa ana tafi, cikinsu har da wani da na san ya gama jami'a. Shi ya sa yau zan yi magana.

Na taɓa zama malamin lakwal, wato makarantar boko. Wata biyu.

Shekarar da aka samu 'yancin kai ana neman malamai ido rufe. Karatuna bai yi nisa ba, amma na ci jarrabawa, lokotoro ya duba ni ya ce lafiyata lau. Aka ce in jira takardar turawa.

Ashe ruwan tabkin da na sha bara a gonar kawuna yana jirana.

Da damina ƙaiƙayi ya fara a idon sawuna na hagu, sai ƙurji, sai zafi kamar an ɗora garwashi. Kurkunu. Ba wanda ya tsorata, rabin unguwa na fama da shi. Inna tana naɗe shi a tsinke kaɗan-kaɗan. Wata safiya ya tsinke a ciki.

Ƙafa ta kumbura ta yi baƙi. An shafa saiwa, an sha rubutu, wanzami ya tsaga. Da wari ya hana kowa zama ɗakin, aka ɗora ni a jaki sai likita.

Lokotoron Bature ne. Ya soka allura a yatsuna, ban ji ba. Ya ce wa majo, babban ma'aikacin jinya, ya gaya wa Inna: "Ko ƙafar, ko yaron." Na ji da Faransanci tun kafin a fassara mata.

Sun yanke ƙasa da gwiwa.

Allura safe da yamma har wurin sokawa ya ƙare. Wankin ciwo, wanda na fi tsoro bisa yankan. Ƙafar da aka binne tana yi mini ƙaiƙayi, in kai hannu in soshi katifa. Inna ta sayar da awakinta ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa gaya mini ba.

Ina kwance takardar ta zo: wani ƙauye a ƙasar Damagaram Takaya. Majo maƙwabcinmu ne. Ya ce in ofishin ilimi suka ji, za su rubuta ban iya aiki, kuma wannan rubutun ba ya goguwa. Ya ce, "Ni ban ga kome ba, ƙanena. Ka sa dogon wando."

Na aika cewa kurkunu ne ya kwantar da ni, suka ba ni lokaci. Wani masassaƙin turame ya sassaƙa mini ƙafa, baduku ya yi mata maɗauri har cinya. Don kada takalmi ya suɓuce, aka buga shi da ƙusa a jikin itacen. Na koyi tafiya a tsakar gida, dungun yana jini. Ɗingishi kawai ya rage, kuma wa bai saba ganin ɗingishin kurkunu ba?

Abu ɗaya ne ba mu tuna ba, mu duka.

Ranar da na isa aka kai ni gaida maigari. Dattawa zaune a zaure, takalma jere a bakin ƙofa. Nawa na dama zai ciru, na hagu ba zai ciru ba. Gwiwar da aka ɗaure ba ta durƙusawa. In na faɗi gaskiya, kafin kasuwa ta ci labari ya kai ofis a Zinder.

Na shiga da takalmina, na gaishe su a tsaye.

Maigari ya daɗe yana duban ƙafafuna, sannan ya ce, "Sannu da zuwa, Nasara."

Masallaci ma ban iya shiga ba, a ɗaki nake kwance itacen in yi salla. Mutanen da dama suna tsoron lakwal za ta ɓata musu 'ya'ya, ga shi an kawo musu malami mai taka tabarmar manya, wanda ba a taɓa gani a sahu ba. Yaran sun fara haɗa baƙi, wallahi sun fara. Aka kwashe su, aka kai ƙara.

Mai duba makarantu ya zo. Ɗan ƙasa ne irina. Na rufe ƙofa na ɗaga masa wando. Ya ce ya tausaya, amma malami a tsaye yake aiki. Na ce wata biyu a tsaye nake. Ya ce, "Da ma ban gani ba."

Ranar tafiyata maigari ya ji gaskiya. Ya aiko da gero sadaka, ya ce da na faɗa da sun ɗauke mini gaisuwar. Su da sun ɗauke, ofis fa? Ban karɓi geron ba.

Na warke. Na shiga fata, na gina gida, na je Makka, ba wanda ya riƙe mini hannu. Amma kada wani ya rubuto cewa gara da aka kore ni. Ni allo na so.

Na gode wa Allah. Allah ya jiƙan Inna, da majo, da masassaƙin da ya yi iyakar saninsa.

Ku tace ruwa. Ciwo ya fara baƙi, ku tafi likita ranar nan. Masu ɗaukar aiki, ku tambayi mutum abin da ya iya kafin ku dubi ƙafarsa, kujera ba tsada gare ta ba. Mai naƙasa kuwa, ban san me zan ce maka ba. Na ɓoye, an kore ni. Wanda na gani a hoton bai ɓoye ba, an ba shi shinkafa.

Ƙafar itacen tana nan a ƙarƙashin gadona. Gara ta cinye ta rabi. Takalmin har yau bai ciru ba.