Kejin Hagu Na Yaya Mariama

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Mariama, kuma ni dai na sha wuya. Kiwon salwa ba sana'ar hutu ba ce. Zafi ya kashe ta, sanyi ya kashe ta, ƙofa ma ka buga da ƙarfi sai ta zabura ta fasa kai a rufin keji. Bazarar bara da kwano na riƙa kwashe gawarsu. Amma ba wannan wuyar ce ta sa na yi rubutu ba. Akwai abin da na yi wa Yayata, ta tafi ba ta sani ba, shi nake so in faɗa.

Ita ta raine ni bayan rasuwar innarmu. Da ciwon baya ya raba ni da kabu-kabu, gidanta na koma cikin Birni, na tarar tana kiwon salwa a bayan ɗaki. Ba ta taɓa taka lakwal ba, ni ma aji uku na yi na gudu. Amma mace ce da ba ta yarda da magana don kawai babba ne ya faɗe ta.

Tana da wani haɗi da take barbaɗa musu a abinci. Zogale ne daga Zermu, garin innarmu, wanda take shanyawa a inuwa, ba ta yarda rana ta taɓa shi. Sai tafarnuwa kaɗan da citta. Murfin kwalba biyu a tiya guda ta abinci, ba ƙari. Ni ke karɓo ganyen a tasha, ni ke tankaɗe garin, har yau hancina bai manta ba. Matan unguwa suka fara sallama suna roƙon haɗin, wai sun ji salwar Mariama ba ta fashin ƙwai. Ta hana su. Ba rowa ba ce. Cewa ta yi ba za ta sa mace ta bar dakan gero ta koma dakan ganye a kan "ina jin yana yi" ba, sai ta gani da idonta.

Sai ta raba matasan salwarta gida biyu, talatin-talatin, ƙyanƙyasar rana ɗaya. Kejin dama ya ci abinci da haɗin, kejin hagu ya ci abinci zalla. Ta ajiye gwangwanin tumatir biyu a kan katanga. Bayan la'asar, lokacin da salwa ke zuba ƙwai, duk ƙwan da ta ɗauka sai ta jefa ƙwayar wake a gwangwanin kejinsa. Ta ce kwana arba'in za a yi.

Kwana biyu na daure. Ni a lokacin abin zalunci na gani. Dabba ce ka kulle ta, ba ta iya fita ta nema, kana da abin da kake zaton alheri ne, ka ba wasu ka hana wasu suna kallo. Tun muna yara ake faɗa mana za a tambayi mutum a kan dabbar da ya ɗaure. Na yi mata maganar, ta ce, "Lawali, yunwa na bar su da ita? Ka fita idona." Na fita idonta. Amma kullum bayan asuba, in ta zauna lazimi, ba ta magana ba ta waiwaye, sai in ɗebi murfi guda in cuɗa wa na hagu. Har lada nake jin ina samu.

Ran kwana arba'in ta shimfiɗa tabarma, ta juye gwangwanayen, ta jera waken layi biyu. Kusan kai ɗaya suka zo. Ta sake jerawa. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce, "To. Ashe shekara biyu wahalar banza nake ba ka, ɗan ƙanena. Ka yafe ni." Ita ce ta nemi gafarata. Ina tsaye da kwandon ƙwai a hannu. Da maraice ta bi matan nan gida-gida ta ce musu kada su wahalar da kansu, ta gwada, ba ya ƙara komai. Ba ta sake shanya zogale ba.

Na ce gobe zan faɗa mata. Tsoron bakinta nake, mutum mai furfura a gemu. Goben ta yi ta zama gobe har damina ta faɗi, ciwo ya kwantar da ita, muka kai ta likita, kwana tara ta cika. A can ma na samu dama, ba sau ɗaya ba. Sai in ce wa kaina ba a tayar wa majinyaci hankali da zancen tsuntsaye. Ƙarya nake, kunya ce.

Bayan sadakar arba'in na koma yin haɗin, na ba su duka. Shekara bakwai ina yi. Wata shekarar su yi ƙwai, wata su ƙi. Ko haɗin ne, ko sanyin gari ne, ko irin tsuntsun ne, ban sani ba.

Yanzu gari ya cika da masu garin ganye. A Zango za ka ga leda da hoton salwa zaune kan tulin ƙwai. A salula ma kullum sai an turo maka muryar wani yana rantsuwa cewa nasa ninka ƙwai yake. Ban ce ƙarya suke ba, mai yiwuwa wani yana da gaskiya. Amma ina tuna Yaya, na san ba za ta yi musu da kowa ba. Za ta juya ledar gaba da baya, ta miƙa wa mai garin abinsa, ta ce, "Ina kejin da bai ci ba?" Ban taɓa jin wanda ya yi wannan tambayar ba tun da aka binne ta.

Makon jiya, ranar da ta cika shekara bakwai, Hajara ta zo addu'a daga Zermu. Ɗiyar kawunmu ce, mijinta ya rasu, da salwa hamsin take ciyar da gida. Da mutane suka watse ta ce, "Yaya Lawali, tsakaninka da Allah, haɗin nan yana ƙara ƙwai? In yana yi, in tuge albasar bayan gida in sa zogale."

Na kusa cewa yana yi. Sai na ba ta labarin duka, har da lazimin. Ita ce mutum ta farko da ta ji. Ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka. Tausayin tsuntsu ya hana ka tausayin Yaya. To yanzu albasata fa?"

Na ce ta bar albasarta, ta ba ni kwana arba'in.

Da ina zaton haɗin ne gadon da Yaya ta bar mini. Haɗin kowa na iya yi. Abin da ta bari shi ne mace da ta bi ƙofa-ƙofa tana rushe sunan da ta yi, don layin wake biyu sun zo daidai. Allah ya jiƙanta, ya sa ta yafe mini a can.

Washegari bayan asuba na ware talatin dama, talatin hagu. Na wanke gwangwani biyu na ɗora a katanga. Na cuɗa wa na dama, na zuba wa na hagu zalla. Suka taso bakin waya suna leƙen hannuna. Na rufe kwalbar haɗin, na kai ta ɗaki, na kulle.